Wa Ke Biyan Kuɗin Man Babur Ɗin Malamar Asibiti?

Duk sanda aka fitar da alƙaluman yaran da ba a taɓa yi wa allurar rigakafi ba a Arewa, bayanin da ake yi a ɗakunan taro na Dutse da Abuja kusan ɗaya ne: mutanen karkara ne ba su waye ba, sai an ƙara wayar musu da kai. Daga nan sai a buga riguna da huluna, a sayi fili a rediyo, a tara hakimai da limamai a yi musu lacca, a raba kuɗin mota, kowa ya kama gabansa. Ban raina wannan ba, yana da ranarsa. Amma akwai tambayar da ta riga shi, wadda ba a cika yi ba saboda amsarta ba ta da daɗin ji. Kafin a ce uwa ta ƙi kawo ɗanta, wa ya je inda take? Yaushe rabon da a je? Wanda ya je ɗin kuma, me ya riƙo a hannu, kuma aljihun wa ya kai shi?

Wanda ya san arewa maso yammacin Jigawa ta kan kwalta kawai, wato ya taso daga Kano ya bi ta Ɗambatta ya ratsa Kazaure ya nufi Daura, zai ɗauka ko'ina kusa yake. Kazaure babban gari ne, ga fadar Sarki, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, ga babban asibiti. Babura ma ta samu rabonta, har da jami'ar fasaha ta tarayya. Sai ka sauka daga kwalta za ka san ƙasar. Roni da Gwiwa duwatsu ne da kwazazzabai. Hanyar da ka bi da rani, da damina ruwa ya cinye ta, kuma rafin da yara ke wasan ƙasa a cikinsa a watan Maris, a watan Agusta sai an tsaya a bakinsa an jira ya janye. Ta wajen Babura kuwa rairayi ne, babur ya kafe sai an sauka an tura. Jama'a kuma ba a dunƙule suke ba. Mazaɓa guda, ko Korayel ce ko Amaryawa ko Kuzunzumi, sunan gari ɗaya take amsawa, amma a ƙarƙashinta akwai ƙauyuka da unguwanni da gidajen gona da rugage barkatai. Wasu gida biyar ne kacal, wasu kuma bana suna nan, baɗi sun tashi.

Tsarin da ke kan takarda ya san da duk wannan. Cewa ya yi kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki, na kusa su zo da ƙafarsu ranar rigakafi da ranar awo, na nesa kuma ma'aikaci ya ɗauki kaya ya same su a kai a kai. Ma'aikatan lafiyar al'umma da makarantu irin ta Jahun ke yayewa, waɗanda ake kira CHEW da JCHEW, don wannan aka yi su, kuma a kansu marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ɗora tsarin lafiya na matakin farko lokacin da yake minista, daga 1985 zuwa 1992. Abin da aka koya musu shi ne zamansu cikin jama'a ya fi zamansu cikin asibiti yawa. Yau abin ya juye. Saboda ƙarancin nas-nas da ungozomomi, sai ka tarar mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da sha-ka-tafi guda: shi ke duba mara lafiya, shi ke ba da magani, shi ke yankar kati, shi ke cike rajista, mutanen gari kuwa likita suke ce masa. Ranar da ya fita ƙauye sai ya sa wa ƙofa kwaɗo, mai naƙuda ta zo ta tarar ba kowa. Ranar da ya zauna kuma, yaran ruga sun rasa. Kowanne ya zaɓa akwai mai ganin laifinsa.

Bari mu bi malama guda ranar fita, don mu ga abin da ake nufi in an ce a kai wa mutane lafiya har gida.

Tun kafin rana ta ɗaga sai ta fara da neman allurar kanta. In asibitinta na da firji mai sola kuma yana aiki, ta huta. In ba shi da shi, sai ta je babban asibitin mazaɓa ko ɗakin sanyi na ƙaramar hukuma, wato tafiya ɗaya kafin tafiya. Allurar rigakafi ba ta son zafi, tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye ta, wasu kuma ba sa son daskarewa. Penta, wadda ke kare yaro daga cututtuka biyar, in ta daskare ta tashi daga aiki ko da ido bai ga komai ba. Shi ya sa ba a ɗebo ƙanƙara daga firji a jefa cikin kula kai tsaye, sai an bar ta ta fara narkewa, a girgiza a ji ruwa na motsi, sannan a jera guda huɗu a gefe-gefe, a sa kwalabe a tsakiya, a rufe da soso. Wannan ɗan akwati shi za ta rataya a kafaɗa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ga jakar sirinji da auduga, ga kwalin zuba allurar da aka gama amfani da ita, ga rajista mai faɗin tire, ga katunan yara. Ita kuma ba ta tuƙa babur, ko ta iya ma ba a saba ganin mace a kan babur ita kaɗai a waɗannan ƙauyuka ba. Dole ta ɗauki ɗan acaɓa, kuma ba sauke-ni-ka-tafi ba, shata ce, don in ya tafi ba wani da zai biyo ta hanyar kafin magariba.

Ta isa ƙofar gidan mai unguwa. In an yi sa'a mai shela ya zaga jiya da daddare, mata sun sani. In ranar ta faɗo kan kasuwa, ko an yi rasuwa a ƙauyen gaba, ko ruwan shuka ya sauka da asuba, to sai dai ta zauna da tsofaffi da awaki. Mu ce an yi sa'ar. An shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, mata sun fito da goyo. A cikinsu akwai yara uku 'yan wata tara da suka isa allurar ƙyanda. Kwalbar kuwa ta yara goma ce, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta, awa shida take da shi, abin da ya rage sai zubarwa. Ƙa'ida ta ce ko yaro ɗaya ne a buɗe masa. Amma ta san a ƙarshen wata akwai wanda zai dubi takarda ya tambaye ta yadda aka yi bakwai suka salwanta. Sai ta ce wa matan su dawo wani zuwan, in an tara yara da yawa. Wani zuwan kuwa sai Allah ya kawo kuɗin mai. A rajista za a rubuta cewa waɗannan yara uku iyayensu ba su kawo su ba.

A nan maganar take. Kafin 29 ga Mayun 2023, a farashin gwamnati, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama, a ƙauye kuma wurin 'yan bumburutu ake saye, su ma da tasu ribar. Kuɗin acaɓa ya bi sahu. Kuɗin fita ƙauye fa? A mafi yawan shekaru ba shi da wani tsayayyen gida. Wani lokaci wata ƙungiyar agaji ce ke bayarwa, wani lokaci a gutsuro daga kuɗin gudanar da asibiti, wani lokaci ya zo bayan wata da watanni, wani lokaci shiru. Ma'aikaciya mai tsoron Allah sai ta cira daga albashinta, ta yi sau ɗaya, ta yi sau biyu, maigida ya fara tambaya ko gwamnati take yi wa aiki ko ita ke ɗaukar nauyin gwamnati. Wadda ta gaji sai ta zauna a ofis ta cike takardar fita.

Cike takarda ba ƙage nake yi wa kowa ba, ƙasa gaba ɗaya ta taɓa kama kanta da shi. Shekara da shekaru rahotannin da ke hawa daga asibitoci zuwa Abuja suna nuna cewa kusan kowane yaro ya samu rigakafi. Da aka bi gida-gida aka yi bincike a 2016 zuwa 2017, sai aka tarar kashi 33 cikin ɗari ne kawai na yaran Najeriya suka kammala Penta uku, a Jigawa kuwa kashi 7. Wannan ne ya sa hukumar lafiya ta matakin farko ta ƙasa ta ayyana dokar ta-ɓaci kan rigakafi a tsakiyar 2017. Al'amura sun gyaru sosai daga baya, kuma Jigawa ta yi ƙoƙari, a faɗi gaskiya. Amma abin da ya haifi waɗancan alƙaluma bai mutu ba. Har gobe adadin yaran da ake ɗora wa ma'aikaci hasashe ne daga ƙidayar 2006. Har gobe mai duba aiki in ya zo, takarda ya fi dubawa. Duk wanda aka ce wa sai ya kawo ɗari, ba a ba shi abin hawa ba, aka kuma nuna masa cewa tamanin laifi ne, to zai kawo ɗari. Da biro zai kawo.

Sai kuma abin da take tararwa a zaure. Akwai maganar da duk wanda ya yi aikin gida-gida ya sha ji har ya haddace: «Yarona ya kwana uku da zazzaɓi ba wanda ya leƙo. Na kai shi asibiti, an rubuto min magani in saya a kemis. Amma wannan ɗigon na shan-inna kullum kuna tafe, kyauta, har cikin gida, har da tilas. Me ke cikinsa?» Mu da ke birni mukan yi wa mai wannan magana dariya. Ni dai ban ga abin dariya ba, mutum ne yake lissafi da abin da idonsa ya gani. Kuma zargin ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kimanin 200, 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa, Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004. Ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. Kazaure da Kano kuwa tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce, duk abin da aka faɗa a can da safe, da yamma ya iso majalisar mai shayi a nan. Wannan tarihi babu minista ko kwamishina da ke ɗaukarsa a ka. Yarinyar da ta yi sallama a ƙofar gida riƙe da alli da kula, ita ake jefa wa shi.

To me ya juya lamarin har aka kai 25 ga Agustan 2020, ranar da aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna? Sarakuna sun shigo, tun daga kwamitin da aka kafa a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, magana ta gangaro daga fada zuwa hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. An ɗauki matan unguwa, waɗanda aka sani aka san iyayensu, suka riƙa shiga gida-gida, suna zuwa suna da barka. An kuma riƙa kafa ɗan sansanin duba marasa lafiya kusa da masu ɗigo, da maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki da gishirin gudawa. Wato fuska sananniya, da hannun da ba wofi ba. Abin takaici, mun koyi wannan darasi da tsada, sannan muka bar shi a cikin kamfe.

Dubi maganin zazzaɓin damina da ake bai wa yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, kuma Kazaure da Roni na cikin wuraren da aka fara shi a Jigawa. Sau ɗaya a wata ake bi gida-gida cikin watannin ruwa, a ba yaro na ranar farko a gaban mai rabo, a bar wa uwa na kwana biyu. Ba a sha wahalar shawo kan mutane a kansa kamar yadda aka sha da ɗigo ba, don kowace uwa ta san abin da zazzaɓin Agusta ke yi. Masu rabon ne ke shan wahala. Lokacin aikinsu shi ne daidai lokacin da hanya ta fi lalacewa, gero ya rufe turba, mutanen gida suna gona. Su gama, sai jiran alawus. A ce ta banki za a turo, sunan da ke kan takarda ya saɓa da na banki da harafi ɗaya, kuɗi su maƙale. Wadda nata ya shigo kuma sai ta biya mota zuwa inda mai POS yake, shi ma ya yanki nasa. Sunan da aka laƙaba musu, 'yan sa-kai, shi ne mafakar. In ka kira mutum ɗan sa-kai ka wanke kanka daga albashinsa, da hutunsa, da jinyarsa in babur ya kayar da shi. Alhali tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa a riƙa biyan ma'aikatan lafiyar al'umma daidai aikinsu, a kuma ba su yarjejeniya a rubuce.

Batun mace kuwa shi ne ƙashin bayan abin, kuma an fi saurin wuce shi. A gidan da aka rubuta «ba shiga», ma'aikaci namiji iyakarsa zaure. Zai iya yi wa yaro allura in an miƙo shi. Ba zai ga mai cikin da ƙafafunta suka kumbura ba, balle ya gane jijjiga na tafe. Ba zai ga mai jegon da jini bai tsaya mata ba, ko yaron da tamowa ta ci har ya daina kuka, wanda aka bari a ɗaki don kunya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan yara biyu cikin uku a Jigawa sun tsumbure, kuma a cikin kowane 1,000 fiye da 200 ba sa kai shekara biyar. Mafi yawan mata a gida suke haihuwa. Wanda ya taɓa leƙa ɓangaren masu yoyon fitsari a Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008, ya ga inda doguwar naƙuda ke kai yarinya. Duk waɗannan a tsakar gida suke farawa, inda mace ce kaɗai ke iya shiga.

Sai a ce ai ana tura mata. Ana turawa. A ɗauko 'yar Dutse ko Haɗeja, mijinta na aiki a Kano, a ba ta takarda zuwa wani ƙauye a Gwiwa inda babu ɗakin kwana, babu ruwa, babu makewayi mai ƙofa, babu makarantar da za ta sa 'ya'yanta. Wata uku ba za a yi ba ta samu wani babba ya sa baki an mayar da ita gari. Ko kuma ta kama ɗaki a Kazaure ta riƙa zuwa tana dawowa, ta iso da hantsi ta juya da azahar, naƙuda kuwa ta fi son dare. Shirin ungozomomi na tarayya da aka fara a 2009 a kan wannan dutse ya yi tuntuɓe: da masauki ya gagara, kason alawus na jihohi da ƙananan hukumomi ya riƙa yankewa, sai ungozomomin suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ban ga laifinsu ba. Wanda bai yarda ƙanwarsa ta kwana a wurin ba, kada ya zagi ƙanwar wani.

Maganin wannan ma an gwada shi a nan gida. Shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 zuwa 2020 a Jigawa da wasu jihohin Arewa, ƙauye yake zuwa ya ce wa jama'a su zaɓo 'yarsu, ko da sakamakon jarrabawarta bai cika ba, ko da matar aure ce mai goyo. A yi mata shekarar share fage, ta shiga makarantar nas ko ungozoma, da sharaɗin ta dawo gida ta yi aiki. Wadda ta fito ta wannan hanya ba ta neman masauki, ɗakinta na nan. Ba ta neman mai yi mata iso, kowa ya san 'yar gidan wane ce. Da tsakar dare ma ana iya buga mata ƙofa. Abin da ya rage wa gwamnati shi ne ta ɗauke ta aiki na dindindin da zarar ta gama, ta kuma bar ta a garinsu. Ɗaukar wucin-gadi irin ta J-Health ta rage zafi, amma wanda bai san matsayinsa na baɗi ba, idonsa na kan hanya.

Kusan duk abin kirkin da na ambata, in ka bi saiwarsa, kuɗin waje za ka tarar. Ba gori nake yi wa masu bayarwa ba, Allah ya saka musu. Sai dai kowane shiri da ranar rufewarsa yake zuwa. Motoci su zo da tambari, a yi shekara huɗu ko biyar ana kai-kawo, a yi taron rufewa a Dutse, a miƙa wa gwamnati kundi, shi ke nan. Ƙauyen da ya saba ganin tawaga duk wata sai ya ji ɗif, ba wanda ya zo ya yi musu sallama. Ranar da wani sabon shiri ya zo, sabuwar ma'aikaciya ce za ta amsa tambayar ina waɗancan suka shiga. Birtaniya ta rage tallafinta a 2021. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan USAID kusan dare ɗaya. Wanda duk yake jiran alama cewa kwanon maƙwabci ba abin dogaro ba ne, ya samu.

Cuta kuma ba ta jira a sabunta yarjejeniya. Daga Oktoban 2022 zuwa Afrilun 2023 an samu mutum 1,686 da ake zargin sun kamu da sanƙarau a Najeriya, kusan kashi uku cikin huɗu a Jigawa, a daidai lokacin da jihar Damagaram ta Nijar ke fama da tata. Mashaƙo da ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022 bai tsaya a Kano ba, kuma yawancin waɗanda ya kama ba su kammala rigakafi ba, alhali rigakafinsa na cikin Penta ɗin nan da malama ke ratayawa a kafaɗa. Babura kuwa kusa take da iyaka, ana auratayya, ana cin kasuwa ɗaya, makiyaya na hawa suna sauka. In annoba ta zo, nan da nan kuɗi ke fitowa, motoci su cika hanya. Kuɗin da zai hana ta zuwa shi ne ba ya samuwa.

Tunda an ambaci Nijar, mu tsaya a can kaɗan, don mun saba yi musu kallon na baya. A zamanin Shugaba Tandja Mamadou, daga farkon shekarun 2000, sun gina ƙananan ɗakunan shan magani kimanin 2,000 a karkara, suka zuba ma'aikata masu ɗan albashi da aka koya wa maganin zazzaɓi da gudawa da ciwon haƙarƙari. A 2006 suka ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ce. Mutuwar yara ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Daga baya su ma bashi ya yi wa tsarin katutu, gwamnati ta kasa biyan asibitoci a kan kari, wannan ma abin lura ne. Habasha kuwa tun wajen 2004 ta ɗauki mata fiye da 30,000, bibbiyu a kowace gunduma ta ƙauye, 'yan asalin wurin, horon shekara guda, albashi daga baitulmali. Babu ɗayansu da ta fi Najeriya kuɗi.

Jigawa ba baƙuwar sabon tunani ba ce a wannan fage. Tsarin Gunduma da ta kafa a 2007, wanda ya haɗe asibitocin ƙananan hukumomi da na jiha ƙarƙashin hukuma ɗaya, yana cikin abin da aka duba lokacin da ƙasa ta rungumi manufar tara lafiyar matakin farko a inuwa guda. Shirin Haihuwa Lafiya ma suna ne da matan karkara suka sani. An gina asibitoci, an gyara wasu, ba wanda zai musa. Amma gini shi ake yanke wa kirtani a ɗauki hoto. Ba a taɓa ƙaddamar da litar fetur ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don lafiyar matakin farko, kuma wani kaso na shiga asusun asibitin mazaɓa kai tsaye. Alheri ne, sai dai a cikinsa za a sayi magani, a gyara famfo, a biya mai gadi, a sayi katin waya na tura rahoto. In aka zo rabo, fita ƙauye ce ke zuwa ƙarshe, domin mutanen da za a je wa ba sa cikin ɗakin da ake rabon.

Abin da nake nema ba shi da girma. A ba fita ƙauye layinta na kanta a kasafin jiha da na ƙaramar hukuma, da sunanta, a lissafa shi da farashin mai na yau da nisan kowace mazaɓa, don tafiyar Roni da damina ba ɗaya take da zagayen Kanti a cikin Kazaure ba. A biya kafin a fita, ba bayan an dawo ba. Kowane asibitin mazaɓa ya samu babur da matuƙinsa, da ma'aikata aƙalla biyun da in ɗaya ta fita ƙofa za ta kasance a buɗe. Jakar da za a fita da ita ta ƙunshi abin gwajin zazzaɓi da maganinsa, da gishirin gudawa da zinc, da abin awon jini, da tef ɗin auna damtsen yaro, ba allura kaɗai ba. A daina tuhumar wanda ya buɗe kwalba don yaro ɗaya. Sannan a rubuta ranakun zuwa a manna a ƙofar gidan mai unguwa, a karanta a masallaci, yadda in ranar ta wuce ba a ga kowa ba, dagaci zai san wanda zai tambaya, kuma ma'aikaciya za ta iya cewa ga inda kuɗin ya tsaya.

Tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kason ƙananan hukumomi nasu ne, a ba su kai tsaye. Ko yaya aiwatarwar take tafiya, shugabannin Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa da kansilolinsu ba su da sauran hujjar cewa wannan ƙaramin kuɗi ya fi ƙarfinsu. Gwamna Umar Namadi ma ya buɗe ƙofar jin koke ta shirin Gwamnati da Jama'a. A irin waɗannan taruka abin da muka saba roƙo shi ne a ɗaga darajar asibitinmu, a zagaye shi da katanga, a yi mana kwalta. A ci gaba da roƙo. Amma kwamitocin raya mazaɓu, da ƙungiyar ma'aikatan lafiya, da 'yan majalisar jiha na waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, su ƙara tambaya ɗaya lokacin da kasafin baɗi ya zo gabansu: nawa aka ware wa kowane asibitin mazaɓa a wata don shiga ƙauye, kuma ranar nawa ga wata zai shiga asusu.